Wai baƙin rami ba haɗiya yake ba? To ta ina iskar nan take fitowa?

ɗan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimin taurari ku zo ku fitar da ni kunya, ƙanwata ce ta ƙure ni jiya da daddare. Muna zaune a tsakar gida an ɗauke wuta tana ta latse-latsen wayata, sai ta ci karo da wani labari wai masana sun ga baƙin rami yana huro iskar gas waje, har yana korar gas ɗin daga cikin tarin taurarin da yake zaune a tsakiyarsa. Sai ta ce Yaya ba kai ka ce min ko haske in ya faɗa baƙin rami ba ya fitowa ba? Na ce ƙwarai kuwa. Ta ce to ita iskar ta fi haske gudu kenan? Wlh shiru na yi, ƙarshe na ce ta tashi ta je ta kwanta dare ya yi.

Sannan a cikin labarin akwai wani abu wai shi kwezar, shi kuma mene ne, tauraro ne ko shi ma ramin ne aka canja masa suna? Kuma suna ta cewa "kusa da mu", kusan nan kamar yaya, kar dai wata rana iskar ta biyo ta kanmu. A yi min da Hausa zalla don Allah, ni da lissafi tun aji uku muka raba gari.

Sarkin_Shayi ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Gas ake zubarwa haka a banza a sama alhali nan kilo ɗaya ya gagari talaka? A ce musu su ɗan karkato da bututun ta nan mana 😂

Malam_Fiziks ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sarkin Shayi wannan gas ɗin ba na girki ba ne, yawancinsa haidurojin ne, kuma ko an karkato maka shi ba silindar da za ta ɗauka.

Ɗan Fagge ka gaishe min da yarinyar nan, tambayarta ta ɗalibar kirki ce, na shekara da shekaru ina koyar da fiziks a sakandare kuma ba kowane ɗan aji shida ke kamo wannan ba. Abin da ka faɗa mata gaskiya ne, duk abin da ya tsallake bakin ramin ya tafi kenan. Inda aka samu tangarɗa shi ne gas ɗin da ake magana a kai bai taɓa shiga ba. A bakin ƙofa aka kore shi.

Mutane suna ɗaukar baƙin rami kamar wani abu ne mai zuƙar komai daga nesa, ba haka ba ne. Jan da yake yi irin jan da rana take yi wa duniya ne, na nauyi. Da za a matse ranarmu ta koma baƙin rami, daga tsakiyarta zuwa baki kilomita 3 kacal zai zama, kuma duniya za ta ci gaba da zagayenta yadda ta saba, sanyi da duhu ne kawai za su kashe mu. To shi ma gas ɗin da ke gangarowa tsakiyar galaksi, wato tarin taurarin nan, ba ya faɗawa kai tsaye saboda da juyi yake zuwa. Ka taɓa cire toshiyar baho ka ga yadda ruwa yake kewaya ramin yana jiran layi? Haka yake taruwa ya zama kamar faifai, na ciki ya fi na waje gudu, suna gogar juna suna ɗaukar zafi har faifan ya yi hasken da ya wuce misali.

Ga inda abin yake ba ni mamaki har yau. Rana da duk zafin nan nata, cikin nauyin haidurojin da take ƙonawa abin da ke komawa makamashi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, 0.7 ne. Shi kuwa faifan baƙin rami yana mai da kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ke gangarowa ya zama haske da zafi. Saboda haka in rami mai nauyin rana miliyan ɗari ya samu abinci sosai, ɗan wurin nan da bai fi girman fagen da duniyoyi ke zagaya rana ba sai ya dusashe hasken taurari biliyoyi da ke kewaye da shi. Shi ne kwezar ɗin da ka tambaya. Ramin ne yana tsaka da cin abinci. Da fari an ɗauka taurari ne saboda ɗigo ɗaya suke fitowa a hoto, sai a 1963 Maarten Schmidt ya duba hasken wanda ake kira 3C 273 ya gano ashe yana can nesa fiye da tafiyar haske ta shekara biliyan 2.

Shi haske yana da turi. Kaɗan ne, mu ba ma jin sa a jiki, amma in ya kai irin wancan sai ya ture gas ɗin da ke ƙoƙarin gangarowa, ya ɗebe wani daga saman faifan ya cilla waje. Ga kuma maganaɗisu da ke murɗe a cikin faifan, wani lokaci shi ke harba siririn feshi guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da gudu dab da na haske, ana ce musu jet. Kamar yaro ne mai haɗama da aka ajiye wa kwanon fura, ya kafa kai da ƙarfi, abin da ya fantsalar a ƙasa ya fi wanda ya shiga cikinsa.

Batun kusa kuwa kwantar da hankalinka, kusan masana taurari ba irin namu ba ne.

ɗan_Fagge ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam, wannan misalin na baho ya shige ni sosai. Ashe ba amai yake yi ba, ture kwano yake. To amma Malam ramin nan ai ɗan mitsitsi ne in aka haɗa da galaksin gaba ɗaya ko? Ta yaya iskar da ta taso daga nan za ta dami sauran wurin?

Zee_Taurari ta rubuta:

Malam a ba ni izini in ɗan sa baki, wannan ɓangaren shi nake karantawa yanzu kuma shi ke hana ni barci.

Yaya ɗan Fagge wannan tambayar taka ta biyu a nan gizo ke saƙar. Ƙanƙantar ramin ta wuce yadda kake zato, da za a rage galaksinmu ya dawo girman duniyar nan da muke kai, baƙin ramin da ke tsakiyarsa ƙwayar yashi ɗaya zai zama. Amma duk da haka a shekarar 2000 ƙungiyoyin masana biyu suka nuna cewa nauyin ramin kowane galaksi yana tafiya daidai da yadda taurarin tsakiyar galaksin suke gudu, babba da babba ƙarami da ƙarami, kamar sun yi shawara. To wa ke kai saƙo tsakanin ƙwayar yashi da duniya guda? Amsar da aka fi karɓa ita ce iskar nan. Tun 1998 Joseph Silk da Martin Rees suka kawo tunanin cewa ramin yana girma ne har ya kai inda iskarsa za ta share gas ɗin da ke kewaye, ya yanke wa kansa abinci, ya kuma yanke wa galaksin abin da yake haifar taurari da shi, don su taurari daga gas mai sanyi da ya dunƙule ake samun su.

A takarda kenan. Wanda ya sa aka fara gani da ido shi ne Markarian 231, kwezar mafi kusa da mu, kuma kusan nasa tafiyar haske ce ta shekara kusan miliyan 600, haske kuwa a shekara ɗaya yana cin kilomita tiriliyan 9 da rabi, sai ka lissafa ko kuma kar ka wahalar da kanka. Sunan ya samo ne daga Benjamin Markarian, masani ɗan Armeniya da ya sa shi a jerinsa a 1969. Galaksi biyu ne suka yi karo suka haɗe, karon ya tunkuɗo gas tsakiya, ramin ya samu liyafa, taurari kuma ana ta haifar su da yawa fiye da kima.

A 2010 Chiara Feruglio da abokan aikinta suka fitar da abin da suka gani bayan sun juya tarin faranta na rediyo da ke kan tsaunin Plateau de Bure a Faransa sun kalle shi. Abin da suka bi sawu shi ne kabon monokzaid, eh wannan dai gubar ta hayaƙin janareta da ke kashe mutane a ɗaki. Dalili kuwa haidurojin mai sanyi ba ya fitar da hasken da za a iya kamawa cikin sauƙi, amma duk inda yake akwai ɗan kabon monokzaid a gauraye, shi kuma yana da nasa kiran na rediyo a tsawon zango milimita 2.6. Suka tarar gas mai sanyi yana ficewa da gudun ɗaruruwan kilomita a sakan, suka ƙiyasta nauyin rana kusan 700 duk shekara. Wato nauyin rana biyu a kowace rana ta Allah 😅 Shi kuma galaksin abin da yake mayarwa taurari wajen nauyin rana 200 ne a shekara, ka ga zubarwa ta ninka amfani sau uku da wani abu. Namu galaksin in ya yi ƙoƙari rana ɗaya zuwa biyu yake haifa a shekara, don ka ga tazarar. A wannan shekarar dai aka bayyana cewa na'urar Herschel ta Turai da ke sararin sama ta kalle shi da hasken zafi wanda ido ba ya gani, ta ga gas ɗin da gudunsa ya haura kilomita 1,000 a sakan, Kano zuwa Legas kenan kafin ka ƙifta ido. In aka ci gaba a haka cikin shekara kamar miliyan 10 rumbun ya ƙare, wanda a rayuwar galaksi kamar yini ɗaya ne.

Yadda ƙaramin wuri ke motsa babba kuwa, hawa-hawa ne. Dab da ramin iskar siririya ce mai masifar zafi, da eksire ake ganinta, a wani kwezar mai suna PDS 456 an auna tana gudun kwata na gudun haske ko ma fiye, kilomita 75,000 a sakan, daga nan zuwa duniyar wata cikin sakan 5. Wannan iskar sai ta daki gas ɗin da ke gabanta, wurin ya ɗau zafi ya kumbura kamar balan-balan, kumburin ya tura na gaba, na gaban ya kwashi gas mai sanyi mai nauyi ya yi gaba da shi a hankali amma da yawa. A 2015 Francesco Tombesi da tawagarsa suka ga duka biyun a galaksi ɗaya, IRAS F11119+3257, mai gudun a ciki mai nauyin a waje.

Injiniya_Maraɗi ya rubuta:

Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa. Ni aikina na famfo da bututu ne, in na ce maka lita kaza ke wucewa a minti to mita na ɗaura na karanta. Ku abu yana nesa shekara miliyan 600, ba wanda ya je, hoton ma tsaye yake ba motsi, ta yaya za a ce kilomita dubu a sakan, har da wani rana 700 a shekara? Ba musu nake ba amma lambobin nan sun yi min santsi da yawa.

Zee_Taurari ta rubuta:

Injiniya ka yi gaskiya a rabi. Bari in raba maka su biyu don ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Gudun shi ne mai ƙwari. Ka san jiniyar motar asibiti, in tana tahowa sautin siriri ne in ta wuce ka sai ya yi kauri, haske ma haka yake. Kowane irin gas yana da layinsa a wuri sananne in aka baje haske kamar bakan gizo, an auna wurin a ɗakin gwaji a nan duniya. In gas ɗin yana tahowa wajenmu layin sai ya gusa ɓangaren shuɗi, in yana tafiya ya gusa ɓangaren ja, yawan gusawar shi ne gudun. Irin dabarar da kyamarar kama masu gudu a titi take amfani da ita ce. A Markarian 231 layin kabon monokzaid ɗin maimakon ya tsaya siriri sai aka ga ya yi fukafukai hagu da dama. Na Herschel ya ma fi gamsarwa, saboda gas ɗin yana tsakaninmu da hasken tsakiya ne yana tare shi, kuma inuwar tasa ta gusa shuɗi, abin da ke gaban fitila yana kuma tahowa wajenka ai fitowa yake ba shiga ba.

Shi kuwa "rana 700 a shekara" a nan santsin yake, na yarda. Sai ka san nauyin gas ɗin, ka san faɗin wurin, ka san siffarsa, ƙwallo ne ko mazurari ne, ta wace fuska muke kallonsa. Nauyin ma ba auna shi ake kai tsaye ba, hasken kabon monokzaid ake ninkawa da wata lamba a samu haidurojin, lambar nan kuma takan bambanta ninki huɗu ko biyar tsakanin gas da ke zaune lafiya da wanda aka hargitsa. Shi ya sa za ka ga takarda biyu a kan galaksi ɗaya kowa da lambarsa. Ka ɗauke shi a matsayin "ɗaruruwa", kar ka riƙe 700 ɗin kamar karatun mita.

Dalilin da ya sa ake naci a kan na kusa kenan. Kwezar sun fi yawa a can baya, wajen shekara biliyan 10 da suka wuce, amma waɗancan ɗigo ne kawai a hoto. Na kusa ana iya yanka hoton gida-gida a ga gudun kowane gida. Misali NGC 1068, shekarar haske miliyan 47, yana cikin galaksin da Carl Seyfert ya yi nazari tun 1943, bai kai kwezar ƙarfi ba amma dangi ne. ALMA, faranta 66 da ke kan tudun hamadar Atakama a Chile mita 5,000 sama da teku, ta nuna gas ɗinsa yana ficewa wajen nauyin rana 60 a shekara, har ana ganin ta inda jet ɗin ya bi ya ture shi.

Baban_Ummi ya rubuta:

Ni fa abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda 'yan jarida ke rubuta wai baƙin rami yana "kashe" galaksi. Ita kanta Zee ta ce Markarian ɗin nan yana haifar taurari ninki ɗari na namu, to ina kisan? Mara lafiyan da ke cin tuwo malmala biyar? Sannan galaksin M82 da ke nan shekarar haske miliyan 12, shi ma yana fesar da gas sama da ƙasa kowa ya ga hoton, kuma taurari ne da ke fashewa suke tura shi ba wani kwezar. To a wurin da duka biyun suke tare wa ya tabbatar na ramin ne?

Malam_Fiziks ya rubuta:

Baban Ummi ka taɓo inda masanan kansu ke ta ja-in-ja. Rarrabewar dai da gudu da ƙarfi ake yi, iskar fashewar taurari yawanci 'yan ɗaruruwan kilomita take a sakan, in ka ga gas mai sanyi ya haura dubu kuma ka lissafa duk ƙarfin da taurarin wurin za su iya bayarwa bai kai ba, dole ka waiwayi ramin.

Amma a batun kisa ni ma ina ɓangarenka. Ni a ganina an fi son labarin guguwa ne saboda ya fi daɗin faɗa. Gas da yawa da ake gani yana fita ba ya tsere wa galaksin, sama yake yi ya dawo kamar ruwan da aka fesa, kuma galaksi da dama na kusa masu rami a farke rumbunsu cike yake suna ta haifar taurari abinsu. Hujjar da ta fi gamsar da ni ba ta guguwa ba ce, ta hana ruwa gudu ce. Ku duba tarin galaksi na Perseus, shekarar haske wajen miliyan 240. Tsakanin galaksin akwai gas mai zafin miliyoyin digiri, a lissafi ya kamata ya huce ya kwararo tsakiya ya zama taurari masu ɗimbin yawa, amma ba a ga haka ba. Da na'urar eksire ta Chandra ta kalli wurin sai ga wasu manyan kogo a cikin gas ɗin, kumfa ce da jet ɗin galaksin tsakiya NGC 1275 ya hura, kowace tana iya haɗiye galaksi guda. A 2003 Andrew Fabian da tawagarsa suka ga har da zobba-zobba kamar in ka jefa dutse a tafki, igiyar sauti ce, bugu ɗaya duk shekara kusan miliyan 10. Aikin ramin a nan irin na mai zugazugi ne a maƙera, ba ya bari wutar ta mutu, gas ya fara hucewa ya gangaro ramin ya samu abinci ya hura, gas ya sake zafi abinci ya yanke ya lafa, haka dai ake ta yi. Galaksin ba korar abincinsa aka yi ba, an hana sabo zuwa ne. Galaksin M87 ma da aka nuna hoton raminsa a watan Afrilu 2019, mai nauyin rana biliyan 6.5, haka yake yi, kuma jet ɗinsa tun 1918 Heber Curtis ya gan shi bai san mene ne ba.

Zee_Taurari ta rubuta:

Malam ƙari a kan naka, wani lokacin ma haihuwa iskar take jawowa. Akwai ɗan ƙaramin galaksi Henize 2-10, shekarar haske miliyan 30, a 2022 madubin hangen nesa na Hubble ya nuna iskar raminsa ta miƙe ta daki wani dunƙulen gas da ke nesa da shi shekarar haske 230, ta matse shi, ga jariran taurari nan jere a inda ta bi. Saboda iskar ba ta da ƙarfi sosai matsewa ta yi maimakon tarwatsawa. A 2017 ma Roberto Maiolino da abokansa sun ga taurari ana haifar su a cikin iskar kanta tana tafe da su, a wani galaksi da ake kira IRAS F23128-5919.

Baban Ummi amma kar a wanke ramin tas. Matsalar ita ce shi kwezar kamar wutar unguwarmu yake, a kawo a ɗauke, ita kuwa haihuwar taurari sai an ɗau miliyoyin shekaru kafin a ga ta ragu. To in ka kalli galaksi yau ka ga ramin a farke taurari kuma ana haifa, ba ka kama shi da laifi ba amma ba ka wanke shi ba, ɓarnar sai ya koma barci za ta bayyana. Akwai wata malamar makaranta 'yar Holan, Hanny van Arkel, a 2007 tana taya masana tantance hotuna a intanet kyauta ta ga wani gajimaren gas yana haske a gefen galaksin IC 2497, aka bincika aka ga hasken kwezar ne ya haska shi, shi kuma kwezar ɗin ya riga ya lafa. An ɗauke wuta amma bango bai huce ba.

ɗan_Fagge ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na kwafe duka zan karanta mata. Saura guda ɗaya Malam, kun yi ta cewa namu galaksin ma yana da nasa ramin. Shi fa? Ba ya hurawa?

Malam_Fiziks ya rubuta:

Yana da shi, sunansa Sagittarius A*, nauyin rana miliyan 4, nisansa da mu shekarar haske wajen 26,000. A kansa Reinhard Genzel da Andrea Ghez suka samu kyautar Nobel a 2020, shekaru suka kwashe suna bin taurarin da ke zagaya shi, a watan Mayu 2022 kuma aka fitar da hotonsa. A yanzu azumi yake, abin da ke faɗa masa bai taka kara ya karya ba.

Amma akwai alamar ba kullum yake haka ba. A 2010 aka gano wasu kumfa biyu manya a bayanan na'urar Fermi, ɗaya saman tsakiyar galaksinmu ɗaya ƙasa, kowace tsayinta shekarar haske 25,000. Don a auna gudun gas ɗin da ke cikinsu aka nemi fitila a bayansu, kuma fitilar da aka samu ita ce PDS 456 ɗin nan da Zee ta ambata, Hubble ya kalli haskensa da ya ratso ta cikin kumfar aka ga gas na tafiya wajen kilomita 900 a sakan. Lissafi ya nuna abin ya faru ne 'yan miliyoyin shekaru da suka wuce. Wasu masanan sun ce ramin ne ya farka ya yi ci ɗaya mai yawa, wasu sun ce taurari ne da yawa suka fashe a tsakiyar, ka ga gardamar Baban Ummi ta biyo mu har gida. Ko wanne ne dai sama da ƙasa abin ya bi, mu kuma muna can gefe a cikin faifan galaksin, kuma gas ɗin da ake ta kira iska ɗin nan sirantakarsa ta fi ta duk wani wurin da aka zuƙe wa iska a ɗakin gwaji.

Sarkin_Shayi ya rubuta:

Shi kenan mun rasa gas ɗin kenan, ko namu na gida ma sama ya yi. Malam a ci gaba da hura gawayi.

ɗan_Fagge ya rubuta:

Na karanta mata yanzu bayan isha'i, ta saurara tsaf har ƙarshe. Sai ta ce to Yaya tunda hasken Markarian ɗin shekara miliyan 600 ya yi a hanya, kuma Anti Zee ta ce cikin miliyan 10 gas ɗin zai ƙare, ai kenan tuni ya ƙare mu ne ba mu sani ba? Na sake cewa ta je ta kwanta. Anti Zee don Allah ki zo, ta ce ba inda za ta.